Sakamakon Gwajin Baba Stephen

Rhoda Bityong likita ce, amma mutanen Makera sun daɗe ba su gane wace irin likita ba ce. Ba ta duba marasa lafiya, ba ta rubuta magani, ba a taɓa ganin ta da abin sauraren ƙirji a wuya ba. Idan wata ta tare ta bayan sujada ta ce kanta na ciwo, sai ta ce mata ta je asibiti. Aikinta shi ne, in an yi wa mutum tiyata aka yanko wani nama daga jikinsa, ita ake kai wa. A daskarar da naman a cikin kaki irin na kyandir, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a kan ɗan gilashi a rina, ita kuma ta sa a madubin likita ta faɗi abin da ke damun mai shi. Ciwon daji ne ko ba shi ba ne, daga bakinta ake ji.

Ni sunana Vicky, tela ce, kuma na san Rhoda tun muna yara. Gida ɗaya iyayenmu suka yi haya a Makera, mai ɗakuna goma sha biyu da rijiya a tsakiya. Kusan duk mazan gidan a masaƙun Kakuri suke aiki. Mahaifinta, Baba Stephen, dogo ne mai son dariya. Babban amininsa shi ne Baba Ebenezer, mutumin Filato, wanda ɗakinsa ke kallon nasu. Tare suke fita aiki, tare suke dawowa da auduga a gashin kansu, kwano ɗaya suke ci. Matar Baba Ebenezer, Mama Dorcas, tana toya masa a ƙofar gida, kuma duk layinmu a wurinta ake saye.

A shekarar 1996 aka ba Baba Stephen muƙamin foman a sashensu, alhali Baba Ebenezer ya riga shi shiga masaƙar da shekara huɗu. Duk da haka Baba Ebenezer ya sa matarsa ta dafa gwate da naman akuya don taya abokinsa murna. Kwana biyu bayan wannan cin abinci, cikin Baba Stephen ya kumbura kamar ganga. Bayan gida ya ƙi fita, sai amai. Aka kwashe shi zuwa wani ƙaramin asibiti, aka yi masa tiyata aka yanke wani sashe na hanjinsa. Ya kwana takwas ya rasu. Shekarunsa arba'in da uku.

A wurin zaman makoki maganar ta fara. Wata gwaggo da ta zo daga ƙauye ta ce wannan ba ciwon Allah ba ne, a abinci aka ba shi. Kafin a yi jana'iza kowa ya san wa ake nufi. Yayan Rhoda, Harrison, yana da shekara goma sha tara a lokacin, ya ɗauki taɓarya ya farfasa tandar Mama Dorcas a gaban jama'a. Dattawan coci suka kira Baba Ebenezer, ya dafa Littafi Mai Tsarki ya ce bai san komai ba. Ba su ce ya yi ba, ba su kuma ce bai yi ba. Aka daina sayen masar, aka daina amsa gaisuwarsu, aka hana mu wasa da 'ya'yansu. Rhoda tana da shekara goma sha biyar, kuma a gabana ta tofa yawu a ƙofar ɗakinsu. Wata bai cika ba suka kwashe kayansu suka bar unguwar.

Mahaifiyar Rhoda, Mama Celina, da sayar da hatsi ta riƙe su. Rhoda ta ci jarrabawa ta tafi Zariya karatun likita. Ta taɓa gaya mini cewa da farko don ta san sirrin guba ta zaɓi wannan karatu. Da tafiya ta yi nisa sai madubin ya ɗauke mata hankali, ta ƙara shekaru shida tana koyon karanta nama, ta dawo Kaduna ta kama aiki. Tun tana makaranta ta yi aure, ta haifi biyu, da ta dawo suka kama gida a unguwar Nasarawa.

Abin da ya fara damun ta a wurin aiki shi ne shekarun mutanen da take samu da dajin hanji. Littattafan da ta karanta sun ce ciwon tsofaffi ne. Ita kuwa sai ta ga direba ɗan shekara talatin da biyu, malamar makaranta 'yar ashirin da takwas, kuma dukansu sai abu ya lalace ake kawo su. In an bi tarihinsu, sai a tarar sun yi shekara biyu ko uku suna shan maganin taifot, ko na olsa, ko jiƙon basir. Ta fara rubuta sunayensu da shekarunsu da unguwanninsu. Tambayar da ta tsaya mata ita ce, sabon abu ne wannan, ko dama can yana kashe matasa ba a sani ba? Amsar tana cikin tsofaffin kakin da aka adana, don nama in ya shiga kaki yana iya shekara talatin bai lalace ba.

Akwai wani tsohon ɗakin gwaje-gwaje a tsallaken kogi inda a da ƙananan asibitocin gari ke aika namansu. Mai kula da ɗakin ajiyar wurin, Malam Isiyaku, ya fi shekara talatin yana wannan aiki. Ya jera kakin a kwalaye, kowace shekara da nata, ya ɗora su a kan bulo saboda gara. Rhoda ta nemi izini, ta riƙa tsallaka gada duk Asabar. Malam Isiyaku ya buɗe rajista yana karanto duk inda aka rubuta hanji, ita kuma tana zaro kakin da lambarsa. Daga 2010 suka fara suna komawa baya. Sun fi shekara suna yi.

Wata Asabar a cikin watan Maris na 2019 suka kai 1996. Malam Isiyaku yana bin layi da yatsa, ya karanta lamba, ya ce, "Namiji, shekara arba'in da uku, babban hanji. Stephen Bityong." Ya ɗago kai yana murmushi. "Likita, ga mai sunanku."

Rhoda ta juyo. Kwalin da ke hannunta ya zame, kakin ya watse a ƙasa.

"Likita, lafiya?"

"Malam, sake karantawa."

Ya sake. Ta matso ta duba da idonta. Wata da rana sun dace, sunan asibitin ya dace. Ba ta taɓa sanin an aika naman mahaifinta gwaji ba, kuma babu wanda ya taɓa faɗin haka a gidansu. A gefen layin akwai gurbin da ake rubuta sunan wanda ya kawo. Da shuɗin biro, da manyan baƙaƙe irin na wanda bai yi nisa a makaranta ba, an rubuta Ebenezer. Gurbin wanda ya karɓi sakamako kuwa fayau yake, babu komai.

"Wannan mahaifina ne," in ji ta.

Malam Isiyaku ya yi salati, ya jawo mata kujera. Ya shiga can ciki inda ake tara takardun da ba a zo karɓa ba, ya daɗe yana bincike, ya fito da wata takarda da ta koma ruwan ƙasa. Layi huɗu ne kacal da rubutun hannu, likitan da ya rubuta ma ya daɗe da rasuwa. Ciwon daji ne na babban hanji, ya toshe hanya, ya riga ya bazu. An sa hannu kwana goma sha ɗaya bayan an binne Baba Stephen. Takardar ta shekara ashirin da uku a ajiye, nisanta da Makera bai wuce tafiyar minti ashirin a mota ba.

Ba ta yarda da takardar kaɗai ba. Ta sa aka sake yanka kakin, ranar Talata ta zauna ta duba da kanta. Daga nan kai tsaye shagona ta zo, da rana tsaka, da farar rigar aiki a jikinta. Ta zauna a kan benci, na tsayar da keken ɗinki.

"Vicky, na ga Baba yau."

Na zaci mafarki take nufi. Ta ce a'a, a madubi. Ta ba ni labarin duka. Ta ce ciwon ya kai shekara biyu a jikinsa kafin ranar gwaten nan.

"Kin tuna yadda ya riƙa ƙara huda bel ɗinsa?" in ji ta. "Kin tuna farin maganin olsa da yake sha a cokali? Duk mun gani, Vicky. Duk gidan nan mun gani, amma da aka ce guba sai kowa ya manta."

Na tuna. Jikina ya yi sanyi, don ni ma ina cikin yaran da suka bi ɗan Baba Ebenezer da waƙar zambo har bakin makaranta.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mata da hankali. Kamannin ciwon a madubi da ƙarancin shekarun mahaifinta sun sa ta aika wani yanki Ibadan, wurin wata abokiyar karatunta da ke da kayan gwajin da babu a nan. Bayan mako uku amsa ta zo. Irin dajin da ke bin jini ne. Duk ɗan da Baba Stephen ya haifa yana iya gadonsa.

Ranar Lahadi bayan sujada ta tara Mama Celina da Harrison a ɗakin tsohuwar. Harrison ya zama makanike, yana da gareji a Nasarawa da 'ya'ya huɗu. Rhoda ta ajiye takardar a kan tebur ta yi musu bayani da Hausa, a hankali.

Mama Celina ta ce, "To ai gubar ce ta zama dajin."

"Mama, guba ba ta zama daji a kwana biyu."

"Ke kina yarinya a lokacin. Me kika sani?"

"Na san abin da na gani, Mama. Kuma Baba Ebenezer ne ya kai naman da hannunsa. Ga sunansa. Wanda ya ba mutum guba zai ɗauki hanjinsa ya kai a duba?"

Tsohuwar ta kalli sunan ta daɗe, ko da yake ba ta iya karatu sosai ba. Ta tashi ta shiga uwar ɗaki ta ja labule. Sai da Rhoda ta fito za ta shiga mota Harrison ya biyo ta, ya dafa ƙofar.

"Wannan abin, yaya yake farawa?"

Ta lissafa masa. Jini a bayan gida, rama, ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, gajiya.

Ya kawar da kai ya ce, "Wata takwas ke nan ina ganin jini. Na ɗauka basir ne. Ina shan jiƙo."

Rhoda ta zauna a bakin kwata da kayan coci a jikinta. Shekarun Harrison arba'in da biyu.

A cikin makon aka zura masa na'ura mai kyamara aka duba hanjinsa, aka ga ƙari, aka tsinko kaɗan. Rhoda ta ƙi karanta wannan da kanta, ta ba wani abokin aikinta, ta tsaya a bayan ƙofa. Daji ne, amma bai huda bangon hanjin ba. Aka sa ranar tiyata.

Kafin ranar ta ce mini in raka ta neman Baba Ebenezer. Ba mu sha wahala ba, ashe mutane da yawa sun san inda yake, zuwa ne ba wanda ya taɓa yi. A Unguwar Boro muka same shi, a wani ɗaki ciki da falo a bayan wata makarantar firamare inda ya yi gadi bayan an rufe masaƙa. Ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Yana zaune a ƙofa yana gyaran rediyo. Rhoda ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ni ce Rhoda, 'yar Stephen."

Ya ajiye rediyon. Bai ce ta tashi ba. "Wa ya mutu?" in ji shi.

"Ba wanda ya mutu, Baba. Sakamakon gwajin da ka kai ne na kawo."

Ta karanta masa, ta fassara. Ya sa ta maimaita wurin da aka ce ciwon ya daɗe. Sannan ya yi wani irin sauti, ba kuka ba, ba dariya ba, ya riƙe gwiwoyinsa.

"A kwalba suka ba ni," in ji shi. "Babarki tana kuka, Harrison ya tafi neman jinin da za a ƙara wa babanku, sai nas ta ce wa zai kai. Na hau keke na kai. Suka ba ni 'yar takarda suka ce in dawo bayan sati uku."

"Me ya hana ka komawa, Baba? Da wannan takardar ta wanke ka."

"Tsoro."

Sannan ya ci gaba.

"Kowa ya ce guba ce. Fasto bai ce ba ita ba ce. Na san ban zuba komai ba, na san Dorcas ba ta zuba ba. Amma naman akuyar nan a kasuwa na saya, ban san hannun da ya bi ba. Na ce in na je takarda ta ce guba, ai ɗaure ni za a yi, da sunana a littafinsu. Sau biyu ina zuwa har bakin get ɗin in juya. Daga baya ni kaina na fara cewa ko ta hannuna abokina ya tafi."

Rhoda ta fashe da kuka, ta ce ya yafe musu. Ta gaya masa har yawun da ta tofa.

"Na gan ki ranar," in ji shi. "Ke yarinya ce. Amma ba ni ya kamata ki karanta wa wannan ba. Dorcas ce. Ita ce ba ta sake toya masa ba har ta mutu. Ko a gida in ta dafa abinci, sai ta fara ci a gaban baƙo kafin ta miƙa masa. Shekara uku ke nan da binne ta."

Ban san inda zan sa idona ba. Da muka tashi tafiya ya ce abu ɗaya yake so. A coci aka kira shi a gaban dattawa, don haka a coci yake so a karanta takardar, da sunansa da na matarsa, a ranar Lahadi, ba a taron mutum biyar ba.

Fastonmu na yanzu yana makarantar firamare lokacin da abin ya faru, amma ya yarda. Bayan sanarwa Rhoda ta hau gaba da takardar. Ta faɗi abin da ya kashe mahaifinta, ta faɗi abin da aka yi wa Ebenezer da Dorcas, ta ce ita da gidansu suna cikin waɗanda suka yi. Wata tsohuwa a layin zumuntar mata ta ɗora hannu a ka ta ce, "Yesu!" da ƙarfi. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka rage suka sunkuyar da kai. Sannan Rhoda ta ce duk wanda ke ganin jini a bayan gida, ko wanda wani nasa ya mutu da ciwon ciki yana matashi, ya tsaya ya gan ta. Mutum goma sha bakwai suka tsaya. Baba Ebenezer bai zo ba. Ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba, kuma bai taka ba.

An yi wa Harrison tiyata a watan Yuni. Ya tashi, ya koma garejinsa, yana nan har yau, sai dai ya rage surutu. Da ya warke ya sayi sabuwar tanda ya kai Unguwar Boro. Baba Ebenezer ya dube ta ya ce wa zai yi amfani da ita? Harrison ya dawo da ita a bayan mota, ya rasa inda zai kai, har yanzu tana garejin.

Mama Celina ta yi wata huɗu ba ta ta da maganar ba. Wata safiya ta sa zanen zumunta ta hau Keke Napep ita kaɗai ta tafi Unguwar Boro. Ta yi wajen awa biyu a can. Ba ta gaya wa kowa abin da suka faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Baba Ebenezer ya rasu a 2021, 'ya'yansa suka kai shi gida Filato. Rhoda da Harrison sun je, aka ba su wurin zama a baya.

Binciken Rhoda ya fito a wata mujallar likitoci bayan shekara biyu. A cikin tsofaffin kakin da ta duba, kusan ɗaya cikin uku na masu dajin hanji ba su kai shekara arba'in da biyar ba, kuma haka abin yake tun mafi daɗewar shekarun da ta duba har zuwa na baya-bayan nan. Ba sabon abu ba ne. Ta kuma ƙirga takardun sakamako ɗari biyu da sittin da ba a taɓa zuwa karɓa ba. Ita da Malam Isiyaku suka bi waɗanda ke da adireshi. Yawancin gidajen an rushe ko an sayar, amma sun sami iyalai goma sha ɗaya. A gida uku daga ciki, an gaya musu cewa sammu aka yi wa mamacin, har aka faɗa musu sunan wanda ya yi.

Ita ma Rhoda ta yi gwajin jini, kuma ta gaji abin. Duk shekara biyu ake duba hanjinta, ni nake raka ta saboda allurar barcin da ake yi mata. A bara an cire mata wani ɗan tsiro tun bai zama komai ba. Babbar 'yarta za ta cika ashirin a watan gobe, kuma Rhoda ta riga ta karɓar mata ranar gwaji. Yarinyar ta ce ba za ta je ba sai ta gama jarrabawa. Suna nan suna ta jayayya a kai.